Masu gyaran tsohon gida da ɗan abin hannu: a fara bin ruwa, fenti ya jira

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana da ma'auratan da suka gaji tsohon gida, ko suka saya don nan ƙarfinsu ya kai, suna ciki suna gyarawa daga wata zuwa wata. Tsari ne mai kyau, ya fi cin bashin da zai hana barci. Sai dai mafi yawan kuɗin da ke salwanta a irin wannan aiki suna tafiya ne wajen yin abu ɗaya sau biyu. A yi fenti, ruwa ya sauko ya ɓata. A shimfiɗa tayil, a dawo a fasa don bututun da ke ƙarƙashi yana yoyo. A yi filasta mai kyau, mai wayarin ya zo ya tsattsage ta. Mai kuɗi zai iya ɗaukar wannan asara ya shanye. Mai jiran albashi ba zai iya ba, don haka jeranta aikin ya fi masa muhimmanci fiye da neman ragi a kasuwa.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a tabbatar takardun gidan sun cika, kuma idan gado ne an raba an sallami kowa. Gyara gidan da ake jayayya a kansa zuba kuɗi ne a aljihun wani. Haka kuma duk aikin da zai taɓa tsarin ginin, kamar rushe bango ko ƙarin ɗaki, a tambayi hukumar da ke ba da izinin gini a wurin tukuna.

Daga nan sai a bar gidan ya nuna halinsa. Shawararmu ita ce kada a yi babban aiki sai an ga gidan a lokacin ruwan sama mai ƙarfi. A ɗauki lema a fita ana tsaka da ruwan, a zagaya. Ina ruwan rufi yake sauka? Ina yake kwanciya? Wane bango ne iska ke watsa wa ruwa? Sannan a hau cikin silin da tocila da rana, a kashe tocilar, a duba inda haske ke shigowa ta kwano. A rubuta komai a littafi guda, ɗaki bayan ɗaki, a ɗauki hoto da waya. Mutane ba sa lissafa yawan ruwan da rufi ke tarawa. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne cif. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100 da ya sha ruwan milimita 20 ya zubo lita 2,000, duro goma ke nan, kuma idan babu abin da zai kai shi nesa, a gindin bango zai sauka.

Shi ya sa rufi ne aikin farko, kuma sau da yawa ba ya bukatar a sake shi gaba ɗaya. Yoyo yakan fito ne daga wurare sanannu: inda kwano ya haɗu da bango, kwarin da rufi biyu suka haɗu, tsinin rufin, da ramukan ƙusa. Idan an ga an buga ƙusa a kwarin kwano maimakon tudunsa, to an gano ɗaya daga cikin masu laifin, domin kwarin nan ne hanyar ruwa. A kan tudu ake bugawa, da ƙusa mai hula da washa ta roba. Inda kwano ya hau kan ɗan'uwansa ta tsawo, hawan kada ya gaza santimita 15, kuma idan rufin ba shi da gangara sosai a kai shi 20 ko fiye, in ba haka ba iska za ta turo ruwa ya hau ta ƙarƙashi. Ta gefe kuwa tudu ɗaya da rabi ake haɗawa. Kafinta mai son ya rage wa mai gida kwano biyu yakan rage wannan hawan, kuma ribar ba ta kai damina ɗaya. Wani abin lura: inda tabo ya bayyana a silin ba lallai nan ne ramin yake ba. Ruwa yana bin katako ya yi tafiyar mita biyu ko uku kafin ya ɗiga, saboda haka a bi sawunsa zuwa sama.

Tunda an hau, a gwada katakon. A soka sukurdireba a ƙarshen kowane katako inda ya shiga bango, don nan ne yake fara ruɓewa. Idan ya nutse ba gardama, katakon ya mutu ko da fuskarsa tana da kyau, domin gara tana cin ciki ta bar ɓawo. A nemi hanyoyinta na ƙasa a jikin bango da bayan kabad. Sabon katakon da za a sa ya zama busasshe, an shafe shi da maganin gara har kan yankan, kuma kada wani katako ya taɓa ƙasa kai tsaye. Feshin magani ba tare da an kashe damshin da ya jawo garar ba hutun 'yan watanni ne kawai.

Bayan rufi sai ƙasan da ke kewaye da gida, kuma wannan shi ne aikin da ya fi kowanne araha da amfani, shebur da baro kaɗai yake ci. Tsofaffin gidaje da yawa sun nutse ne ba don sun motsa ba, sai don shekara da shekaru ana cike tsakar gida da titi har ƙasar waje ta zo daidai da daɓen ciki ko ta fi shi tudu. A rage ta har ta zama aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ciki, a yi mata gangarar da za ta sauka kamar santimita 15 cikin mita 3 na farko daga bango. Indararo ya kai ruwa nesa, kada ya saki a gindin gini. Shukar fulawa a jikin bango ana ba ta ruwa kullum, ita ma a matsar da ita.

Sai an yi waɗannan biyun sannan ake hukunta damshin da ke cikin ɗaki, domin rabinsa zai tafi da kansa. Wanda ya rage a gwada shi kafin a kashe kuɗi a kansa. A yanko leda mai haske kamar santimita 45 kowane gefe, a manna a bango ko daɓe da salatif a rufe gefe huɗu ruf, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan raɓa ta taru ta ciki, tsakanin leda da bango, ruwan daga jikin ginin yake fitowa. Idan ta waje ta taru, tururin ɗakin ne, maganinsa taga da iska, ba birkila ba. Damshin da ke tasowa daga ƙasa yana da kama: layi ne a kwance da ba kasafai yake wuce mita 1 ba, da farin gishiri-gishiri a bakinsa, fenti yana kumbura yana zubewa kamar gari. Tabon da ke tsakiyar bango shi kaɗai kuwa, musamman bayan banɗaki, a zargi bututu. A rufe duk famfunan gida, a duba mitar ruwa ko a yi alama a tanki, a dawo bayan awa biyu. In ruwa ya ragu, akwai yoyo a ɓoye.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne rufe damshi da fentin mai, ko tayil, ko siminti mai ƙarfi. Ruwan bai tafi ko'ina ba, hanya aka tare masa, sai ya hau sama ya ɓullo a saman tayil ɗin. Abin yi shi ne a sare filastar da gishiri ya kama har santimita 30 sama da inda damshin ya tsaya, a goge gishirin da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa don zai narke ya koma ciki, sannan a bar bangon tsirara ya sha iska makonni, wani lokaci watanni in bangon mai kauri ne. Ba kyan gani, mun sani, kuma baƙi za su yi magana. Amma wannan jiran ba ya cin ko sisi, kuma a nan ne mai gyara a hankali ya fi mai gaggawa sa'a.

A kula da irin ginin. Bangon ƙasa, da tsohon jan bulo mai laushi da aka ɗaure da farar ƙasa, suna shan damshi su fitar. Idan aka lulluɓe su da filastar siminti mai tauri, ruwan da ya shiga ta ƙaramar tsaga ba ya samun mafita, bangon ya jiƙe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓantaro falle guda da naman bangon a jikinta. Irin wannan bango da irin abin da aka gina shi ake gyara shi: yaɓen ƙasa a kan ƙasa, ko kwaɓin farar ƙasa ta gini awo 1 da yashi awo 3. Ƙa'idar ita ce abin da aka shafa kada ya fi bangon da ke ƙarƙashinsa tauri.

Yanzu tsaga. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kuma ba kowace ce za a toshe a manta ba. Siririya kamar gashi da ta bazu a fuskar filasta kamar taswira, ta filasta ce kawai, ta bushe da sauri ne ko siminti ya yi mata yawa. Wadda za a sa wa ido ita ce mai hawa a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, ko mai tashi daga kusurwar ƙofa da taga, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko wadda ake gani ciki da waje a wuri guda. Ƙofar da ta fara cijewa haka kawai ita ma shaida ce. Faɗin tsaga bai kai motsinta muhimmanci ba. A manna ɗan siririn gilashi a gicciye a kanta da gam mai ƙarfi, ko a yi alamar fensir biyu a gefenta a riƙa aunawa duk wata, a rubuta kwanan wata a jikin bangon. A bar ta ta ga damina ta ga rani, domin ƙasa mai yumɓu tana kumbura in ta sha ruwa ta tsuke in ta bushe, kuma babbar bishiya kusa da gini tana ƙara tsotse ta. Idan gilashin bai fashe ba, tsagar ta mutu: a buɗe bakinta da cizal, a share ƙura, a jiƙa, a cika, a ɗora raga mai faɗin santimita 10 zuwa 15 kowane gefe kafin filasta. Idan ya fashe, ko faɗin ya wuce milimita 5, a kira injiniyan gini. Kuɗin zuwansa na yini ɗaya bai kai na buhunan simintin da za a yi ta turawa cikin tsagar da ke buɗewa ba.

Shi ma kankaren da ya fashe har rodi ya fito da tsatsa, a linta (kankaren saman ƙofa da taga) ko a ƙasan dakin (rufin kankare), kada a shafe shi da filasta a wuce. Tsatsa tana kumbura ta ninka ƙarfen da ta ci sau da yawa, ita ce ke tunkuɗo kankaren. Sai an sare har bayan rodin, an kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, an shafa maganin tsatsa, sannan a rufe da kaurin da bai gaza santimita 2.5 ba. In rodin ya sirance sosai, wannan ma maganar injiniya ce. Haka batun rushe bango don a faɗaɗa falo, wanda shi ne burin kusan kowane sabon mai gida. Bangon da katakon rufi ko dakin ya hau kansa yana ɗauke da kaya. Ba a taɓa shi sai an tokare sama, kuma lintar da za a sa ta hau bango aƙalla santimita 15 kowane gefe.

Akwai abubuwa biyu a tsofaffin gidaje da ke cutarwa shiru. Na farko asbesto, wanda aka daɗe ana yin silin da kwanon rufi da bututu da shi, mai launin toka kamar siminti. Birtaniya ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai 1999, wasu ƙasashen har yau ana amfani da shi. Idan lafiyarsa ƙalau ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ƙurarsa ce ke shiga huhu, kuma ciwon yakan bayyana bayan shekara 20 ko fiye. Kada a yanka shi da inji, kada a huda, kada a goge, kada a farfasa don ya shiga mota. In dole a cire, a nemi waɗanda suka san aikin, a jiƙa shi, a sauke falle-falle, iyali ba sa gida. Na biyu tsohon fenti mai dalma, musamman fentin mai na ƙofofi da tagogi. Amurka ta hana shi a gidaje a 1978, ƙasashe da dama sun makara sosai. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, don haka kada a goge tsohon fenti a bushe ko a ƙona shi da wuta. A jiƙa a kankare, a kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, yara da mai juna biyu su nisanci ɗakin.

Idan gida ya bushe kuma ya tsaya da ƙafarsa, sai abin da ke shiga cikin bango, wato waya da bututu, kuma dole su riga filasta. Tsohuwar wayar da robarta ke karyewa in an lanƙwasa, soket mai baƙin ƙuna, haɗin waya da aka naɗe da salatif a cikin silin, duk alamar a sake ne. A ƙasashen da wutarsu ke tsakanin bolt 220 da 240, abin da aka saba shi ne waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga manyan kaya irin su na'urar dumama ruwa da murhun lantarki, kowanne da layinsa. Abin da ke ƙona gidaje shi ne a ga bireka, wato makunnin da ke yanke wuta in ta yi wa waya yawa, tana yawan faɗuwa sai a canza ta da babba. Bireka wayar take karewa: ta 1.5 ba ta wuce amfiya 10, ta 2.5 ba ta wuce 20 a layi guda. In an sa babba, wayar ce za ta yi zafi a cikin bango maimakon bireka ta faɗi. A sa na'urar nan mai yanke wuta idan ta bi jikin mutum, mai lamba 30mA, a tabbatar akwai wayar ƙasa da aka haɗa da sandar da aka kafa. Idan kuɗin sake wayarin gida duka bai samu ba, a sa sabon akwatin rarraba wuta mai guraben da suka isa, a riƙa sake layi ɗaki bayan ɗaki. Kuma ko ba kuɗin waya yanzu, a binne bututun wayar da akwatunan soket kafin filasta, a zura siririyar igiya a ciki. Bututun roba ba shi da tsada, fasa bangon da aka gama ne mai tsada. Bututun ya tafi a miƙe, sama ko gefe daga soket, ba a karkace ba, sannan a ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jiki kafin a rufe, don ranar da za a buga ƙusa.

Tsohon bututun ruwa na ƙarfe daga ciki yake tsatsa, shi ya sa ruwan ke fitowa ja da safe kuma ƙarfinsa ke raguwa. Faci ba ya yi masa, a sake layin. Kowane sabon haɗi a sakar masa ruwa a bar shi cike kwana ɗaya cur ana dubawa kafin a rufe. Mai aikin famfo zai ce ya tabbata da aikinsa, birkila kuma yana tsaye da kwaɓi a hannu yana jira. A ba su haƙuri su dawo gobe. Bututun ƙazanta mai inci 4 yana son gangarar kamar santimita 2.5 a kowace mita, da wurin buɗewa a kowace kwana. Warin da ke dawowa banɗaki yawanci rashin lanƙwasar nan ce mai riƙe ruwa a ƙarƙashin magudana, ko rashin bututun iska da ya fita sama da rufi.

Ga lissafin kaya, bari mu ɗauki ɗaki mai mita 3 da mita 4, tsayinsa mita 3. Bangonsa murabba'in mita 42 ne, a cire ƙofa da taga ya rage kamar 38. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Filastar ciki awo 1 na siminti da 5 ko 6 na yashi ta isa, ta waje da ta banɗaki 1 da 4, wato buhu ɗaya da kwanon sarki 8 na yashi. A kaurin milimita 12, buhu ɗaya na kwaɓin 1 da 4 yana rufe kamar murabba'in mita 10, ke nan buhu 4 a takarda. A tsohon bango mai tudu da kwari a tanadi 5 ko 6, kuma inda ramin ya yi zurfi a cika shi hawa biyu, kwana ɗaya tsakani, don mai kauri a tashi ɗaya zamewa take yi ta tsage. Kankaren daɓe 1 da 2 da 4 ne: buhu ɗaya, kwano 4 na yashi, 8 na tsakuwa, ruwa kamar lita 25. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi daɗin juyawa, kuma kowane bokitin ƙari ƙarfin kankaren yake ragewa. Awo da shebur ma ba awo ba ne, na safe da na yamma ba ɗaya suke ba.

Yashin a gwada shi. A zuba a kwalba har rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa. In kaurin lakar ya kusa kashi ɗaya cikin goma na yashin, filastar za ta tsage ta yi gari, a wanke shi ko a nemi wani. A jiƙa bango kafin a shafa, in ba haka ba busasshen bulo zai tsotse ruwan kwaɓin. Kwaɓin da ya fara daskarewa a zubar, kada a farfaɗo da shi da ruwa. Sannan ban ruwa: siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne, don haka safe da yamma har kwana 7 aƙalla. Wannan aiki ne da mata da miji za su yi da kansu, domin ma'aikaci ya karɓi kuɗinsa ya tafi wani aikin. Fenti kuma sai filastar ta yi kamar mako 4 launinta ya yi fari bai ɗaya. Shafin farko a sirka shi da ruwa don ya shiga jiki, sannan shafi biyu. Ɗakin nan da silinsa murabba'in mita 50 ne, shafi biyu 100, kuma lita ɗaya tana rufe kamar 10, wato lita 10, sabuwar filasta ta ɗan fi haka sha.

Tayil na ɗakin murabba'in mita 12 ne, a ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa, 15 in a karkace za a jera. A saye shi a tashi ɗaya, a duba lambar da ke jikin kwalaye ta zama iri guda, don tayil mai suna ɗaya da aka gasa a lokuta daban yakan bambanta a launi har da girma. A ajiye kwali ɗaya don gaba. A hana mai aiki ɗora kwaɓi dunƙule biyar a bayan tayil ya manna, gaba ɗaya bayan ake cikawa. Washegari a bi a ƙwanƙwasa da bakin makulli, duk wanda ya yi ƙarar kwanko a ɗaga tun kwaɓin bai gama kamawa ba. A banɗaki daɓen ya gangara zuwa magudana kamar santimita 1.5 zuwa 2 a mita, a shafa maganin hana ruwa ya hau bango santimita 15 aƙalla, wurin wanka ya wuce kai, a toshe magudana a tara ruwa awa 24 a gani kafin tayil ya hau.

Mu dawo kan kuɗi, inda rigimar cikin gida take farawa. Ƙa'idar da muke ganin ta fi kowace ita ce kada a buɗe abin da ba a da kuɗin rufe shi. Kwance rufi da kuɗin rabin kwano, ko fasa banɗaki ɗaya tilo ana jiran albashin wata mai zuwa, shi ke tura mutane cin bashi da kowane sharaɗi. A yanka aikin gida-gida yadda kowane yanki zai ƙare gidan yana zaunuwa, a tara kuɗin yankin cif, a ɗora kashi 20 cikin 100 a kai, domin tsohon gida ba ya nuna cutarsa sai an buɗe. Kuɗin ya zauna a asusu dabam da na cefane. Sayen kaya a tara yana da amfani inda farashi ke hawa, amma ba kowane kaya ba. Kwano, tayil, waya, ƙofofin ƙarfe da bututu suna jira, bututun roba dai a ɓoye shi daga rana. Siminti ba ya jira: bayan kamar wata 3 ƙarfinsa ya fara raguwa, in ya yi dunƙulen da yatsa ba ya murƙushewa ya tashi daga aiki. A ɗora shi a kan katako, nesa da bango, a saya mako guda kafin aiki. Kayan gwanjo irin su ƙofa, taga da kwanon wanke hannu riba ne. Waya, bireka da maganin hana ruwa kuwa a sayi masu kyau, araha ba ta ado a abin da za a binne.

Da ma'aikata, a ji ta bakin uku kafin a zaɓa, a raba kuɗin aiki da na kaya, a rubuta abin da jingar ta ƙunsa har da kwashe ɓaraguzai, don a nan ake yawan musu. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran biya bayan kowane mataki, a riƙe kashi 10 sai an gwada aikin: rufi sai ya ga ruwa, famfo sai ya kwana da ruwa. Abin da ma'aurata za su iya da hannunsu yana da yawa, sare tsohuwar filasta, kwashe ƙasa, kankare bango, cike ƙananan ramuka, fenti. Akwatin wuta, gas, da duk abin da ke ɗauke da nauyin gini ba wurin koyo ba ne.

Tsakanin su biyun kuma, a zauna a raba littafin nan uku: abin da ke ɓata gida ko yake da haɗari, abin da ke takura zama, da abin sha'awa. Sau da yawa maigida yana hangen katanga da fuskar gida, uwargida tana fama da kicin da banɗaki, kuma kowa da gaskiyarsa. Amma idan an yarda tun farko cewa rukunin farko ba ya shiga muhawara, gardamar ta ragu sosai. Wanda ya fi amfani da ɗaki shi ke da ta cewa a tsarinsa, tsayin teburin girki da wurin soket a tambayi mai girkin, a zana da alli a bango a gwada tsayuwa kafin a gina. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba ma'aikaci umarni. Idan wannan ya ce a matsar da taga, wancan ya dawo ya ce a mayar, ma'aikaci zai yi duka biyun ya caji duka biyun. Duk canjin da ya taso ana tsakiyar aiki a ce masa sai gobe, a tattauna da dare ba a gabansa ba, a tambayi abin da canjin zai ƙara kafin a amince. A kuma yanke wani adadi da in kashewa ta wuce shi sai da sanin juna.

Da zarar rufi ya daina yoyo, a gama ɗaki ɗaya tsaf, ko da ƙarami ne, a rataya leda mai kauri a ƙofarsa, a hana buhu da bokiti shiga. Kicin da banɗaki kada a taɓa su lokaci guda. Daɓen ɗakin da ake bi a wuce zuwa sauran ɗakuna shi za a bari ƙarshe, in ba haka ba baro da tsani za su farfasa sabon tayil, kuma shafin fenti na ƙarshe a zaure ya jira sai an gama shigo da manyan kaya.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Wani magini da maiɗakinsa, masu aikin gyaran tsofaffin gidaje